Ja'afaru Mai Hoto da Rigar Aro

Ja'afaru taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake kiransa bawana shi ma yana kirana bawansa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. A Zariya aka haife mu, amma Kaduna ce ta ci ƙuruciyarmu. Ni, Ɗahiru, na zo da keken ɗinkina. Shi kuwa da ƙafafunsa kawai ya zo, ya samu aikin masinja a wani ofishin gwamnati, yana yawo da takardun mutane cikin gajeren wando da jar dara.

A hanyarsa ta kai saƙo akwai shagon wani Bayarabe mai ɗaukar hoto. Nan Ja'afaru yake laɓewa, takarda a hammata, yana kallon yadda fuskar mutum ke fitowa a jikin farar takarda cikin ruwan magani. Da kallo da tambaya da ɗauko wannan miƙo wancan har ya iya. Ranar da ya zo ya ce mini ya ajiye aikin gwamnati zai zama mai hoto, na ce masa lallai wani abu ya taɓa masa kai. Ya yi dariya ya ce in ɗinka masa baƙin hannun riga. Na zage shi son raina, sannan na ɗinka.

Na'urar tasa akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da ido ɗaya a gaba, da wannan baƙin hannun rigar a baya, inda yake zura hannunsa yana wanke hoton a cikin duhun akwatin. Mutum ya zauna, Ja'afaru ya cire murfin idon, ya ce kada a motsa, ya mayar. Kafin ka gama cin goro an miƙo maka kanka, da ɗanshinsa. A bayan kowane hoto yana buga hatimi mai sunansa da sunan unguwa, wai don kada a ce aikin wani ne.

Wannan duk a shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba. Badarawa, unguwar da muka zauna, a lokacin ba ta gama zama gari ba, gidajen ƙasa ne da jinka, da 'yar kasuwa mai rumfunan kara. Zauren gidan Ja'afaru shi ne shagonsa, nawa shagon yana manne da shi. Kaduna kuwa gini ake yi ta kowace kusurwa, mutane suna ta kwararowa neman aikin lebura. Wasu su dace, wasu aiki ya ƙare ya bar su tsaye, babu ɗaki, babu fuskar komawa gida. Irin waɗannan in 'yan kasuwa sun kwashe kaya da yamma, sai su shigo rumfuna su shimfiɗa buhu. 'Yan rumfa ake ce musu, kuma ba da bakin yabo ba. Ni kaina in sun gifta nakan jawo almakashina kusa.

Mutane suna cewa Ja'afaru ne ya fara ciyar da su. Ba haka aka yi ba, su suka fara ciyar da shi. Wata rana da damina ya dawo daga ɗaukar hoton suna, akwati a ka, ruwa ya tsuge masa a tsakiyar kasuwa. Ya faɗa wata rumfa mai yoyo. A ciki akwai 'yan rumfa, har da wani tsohon soja, Kofur Husaini, wanda ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ya tarar babu kowa nasa. Kofur ya tuɓe tsohon kwat ɗinsa na soja ya lulluɓe akwatin, shi ya zauna ruwa yana zuba masa a ƙeya. Suna da gasasshen rogo, suka karya suka miƙa wa baƙo babban ɓari. Da ruwa ya ɗauke Ja'afaru ya shigo gida, ya ɗauki akushin tuwonsa ya fita da shi. Matarsa Hansai ta bi shi da ido ta ce, “Malam, ina kuma za a kai mini akushi?” Ya ce, “An ba ni rogo.”

Hansai mace ce mai baki, amma hannunta ya fi bakinta sauri. Ta yi mita ta gaji, sannan ta aika aka kawo mata babbar tukunya. Daga nan kullum bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, a fito da tuwon dawa, miyar kuka ko ta kuɓewa, ranar da abu ya yi kyau har da man shanu. Maƙwabta suka fara tsoma hannu, wannan ta aiko da daddawa, wancan da damin dawa. Ni ban aika komai ba, amma nakan zo in ci, don in ga ko ana ha'inci.

Ja'afaru yana da wasu ɗabi'u da ba ya saɓawa. Ba ya aika tuwo a ce ga sadaka, zama yake yi ya wanke hannu ya ci tare da su a akushi ɗaya, a yi ta musu a kan wanda ya fi loma. Ba ya tambayar mutum daga ina ya fito ko me ya kawo shi, in ka faɗa ya ji, in ka yi shiru ya ƙara maka miya. Sannan ba ya ɗaukar hoton mai yunwa. Sabon zuwa ya ce a ɗauke shi, sai ya kama haɓarsa ya juya ta nan ya juya ta can, ya ce, “Da saura. Ci gaba da zuwa.” Sai kumatu sun ciko, wuya ya daina nuna jijiya, sannan wata safiya da hantsi ya ce, “Yau ranarka ce, je ka yi wanka.”

A nan rigar take shigowa. Rigar angwancinsa ce, fara, mai aska biyu, sau ɗaya ya sa ta ya rataye. Ita yake zura wa duk wanda za a ɗauka, da hula, da wani agogon hannu da ya mutu tun zamanin yaƙi. A baya a rataya labule mai zanen gidan sama da jirgi yana wucewa ta kansa. Na sha faɗa masa wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ya ce, “Bawana, mutumin nan kullum ana ganinsa da buhu. Bari ya ga kansa da riga ko sau ɗaya, in ya so ya san yadda take.” Ni ke wanke bakina a kanta, ni kuma ke yi mata faci in ta yage.

Ranar hoto biki ce. Kofur Husaini da aka sa masa rigar ƙin zama ya yi, ya ƙame ya sara wa akwatin, haka ya fito. Akwai wani gajere, Audi, wanda rigar ta haɗiye shi har tana jan ƙasa, sai da aka kife turmin Hansai ya hau, rigar ta rufe turmin, ya fito zanƙalele kamar ba shi ba. Da aka miƙa masa hoton ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wallahi wannan babana ne.” Aka bushe da dariya, shi kuwa ya koma bayan mangwaro yana share ido. Kowa a ba shi nasa kyauta, ɗaya kuma Ja'afaru ya manna a wani faffaɗan allon katako da yake jinginawa a ƙofar zaure. A hankali allon ya cika da attajirai, dukkansu riga ɗaya, hula ɗaya, agogo ɗaya.

Sanda shi ne wanda ya fi daɗewa bai yarda an ɗauke shi ba. Dogo ne, mai shiru, da jin maganarsa ka san daga wajen Zamfara ya fito. Ya zo aikin gini, katako ya faɗo masa a kafaɗa, kafin ya warke an ɗauki wani. Ya koma dako a kasuwa. In ana cin tuwo shi ke fara tsame hannu, shi ke kwashe akusa ya wanke. Wata rana ya kawo mini rigarsa in kama masa wuya, yana tsugune yana jira, sai ya buɗe baki da kansa. Ya ce ya baro gida da alkawarin zai dawo da abin da za a gani, ga shi damina ta bi damina. Ya ce yana da tsohuwa, bai san ko tana zaton ya mutu ba. Na ce to ya tafi mana. Ya ce, “Da wanga buhu? Gara ta ɗauka na mutu da ta gan ni haka.” Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, na kama wuyan rigar na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Ban san yadda Ja'afaru ya shawo kansa ba. Na dai ga wata safiya Sanda zaune gaban labule cikin riga mai aska biyu, ya ɗora hannu a gwiwa yadda agogo zai fito. Rigar ta zauna masa fiye da mai ita. Ya karɓi hoton ya naɗe a ganye, ya ba wani fatken goro mai bi ta wajensu. Daga ranar ya sake, har yakan yi dariya a bakin akushi. A ganinsa ya biya tsohuwa, ta san yana raye, ta san ya zama mutum, shi ke nan.

Aka ci wata damina, aka shiga kaka. Ina zaune ina taka keke da hantsi, sai ga wani mai keken haya ya sauke wata tsohuwa a ƙofar zauren Ja'afaru, da ƙullin kaya a ka, ƙafafu duk ƙura. 'Yan garinsu masu wucewa Jos ta biyo a jirgin ƙasa, suka sauke ta a tasha, ta yi ta nuna hatimin bayan hoto har aka kawo ta. Ta ce sunanta Habiba. Ta gaishe mu, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani tsumma, ta warware, ta miƙa wa Ja'afaru.

“Wanga niz zo nema,” in ji ta.

Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga riga nan raɗau, ga agogo, ga gidan sama da jirgi. Fuska kuwa babu. Wurin ya goge ya yi fari fat, kamar an sa dutse an cuɗa. Ja'afaru ya dube ni, na dube shi. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba, ya ja da baya ya juya allon hotuna ya fuskanci bango, wai yana kakkaɓe ƙura.

Ya ce, “Inna, yaya sunan ɗan naki?”

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai. “Ɗan hwari na,” ta ce.

To, ka ji. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle wannan ta mutanen da, a gaban maza baƙi. Na ce ko za ta faɗi mai irin sunansa. Ta ce sunan kakansa gare shi. Na ce to kakan fa? Ta dube ni kamar na zage ta, ashe surukinta ne. Na shiga jero sunaye ko za ta gyaɗa kai, ta ƙara dunƙulewa cikin mayafi, har Ja'afaru ya taka mini ƙafa. Ya kira Hansai ya ce ta shiga da baƙuwa ta ba ta ruwa da fura.

Masu irin maganarta a cikin 'yan rumfa ba su da yawa, saboda haka muka rufe shago muka nufi kasuwa. Ba mu sha wahala ba. Ja'afaru yana cewa wata tsohuwa Habiba ta zo, sai buhun gero ya zame daga kan Sanda ya faɗi tim. Ya tsuguna ya dafe kai.

“Ku ce mata na yi tahiya,” ya ce. “Ku ce an aike ni Ikko. Yau ɗin ga ni bar garin.”

Ja'afaru ya ce, “Tsohuwa ta keto ƙasa ta zo, ka bar ta da farar takarda?”

“In ta ga inda nike kwana, mi za ni ce mata? Ta nuna hoton ga ma kowa a garinmu, na sani.”

Na san da gaske yake, in muka juya baya ba za mu ƙara ganinsa ba. A nan ne ni da nake kiran rigar ƙarya na kawo shawarar da ta fi kowace ƙarya girma. Na ce a sa masa rigar, in ba shi ɗakina na kwana biyu a ce nasa ne, tsohuwa ta gani ta koma da farin ciki. Ja'afaru bai so ba, amma ya dubi Sanda ya ce to. Kafin ka ce me, labari ya zaga kasuwa. 'Yan rumfa suka ajiye dako suka taru a bayan shagona. Aka zaro rigar ta taga. Wanzami ya yi wa Sanda aski a tsaye. Kofur Husaini ya aro laima ya ce shi ne dogarinsa, Audi ya ɗauki buta da buzu ya ce shi ne baransa, sauran suka jera a baya, wai masu neman alfarma. Na ba shi takalmana, suka matse shi, ya ce zai daure.

Haka muka zagayo ta gaban gida, Sanda a gaba yana ɗingishi cikin riga mai aska biyu, laima a kansa, Kofur yana ta “Hattara dai, maigida!” Yaran unguwa da matan da ke leƙe ta katanga suna ta ƙunshe dariya.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne Hansai. Babu wanda ya gaya mata komai. Ita kuwa da ta ji matsalar baƙuwa, sai ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta fito zaure ta ɗauko allon da aka juya, ta kai gindin mangwaro ta ɗora wa tsohuwa a cinya ta ce ta duba da kanta. Da muka iso, ga Habiba zaune a tabarma, attajiran Badarawa gaba ɗaya a gabanta, kowa da rigar, kowa da agogon, har da Kofur mai sara da Audi na kan turmi. Yatsanta yana kan fuska ɗaya.

Laima ta sauko a hankali. Audi ya ɓoye buta a bayansa. Ni na rasa inda zan sa idona, na ji kunya har cikin ƙashina. Sanda ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya durƙusa nesa da tabarmar, kai a ƙasa, ya gaishe ta da muryar da ba ta fita. Ta amsa a gajarce, fuskarta tana wajen katanga, ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe yaron nan.

Sai ta juya wajen Hansai ta ce, “Ɗiyata, ki ce ma wanga yaro ya tuɓe rigar mutane, kar ya sa mata zuhwa. Wasu na jiran ta.”

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka ƙwaɓe shi. Ja'afaru ya matso ya tsuguna ya ce, “Inna, laifina ne. Ni na sa masa ita.”

“Wane laihi?” in ji ta. “Tun randa hoton ya zo na san ba tashi ba ce. Ka ga yadda ya riƙe hannunta, awa mai riƙon jinjirin wasu. Ni ba riga na duba ba. Wuyanshi na duba, da kumatunshi. Na ce ma raina, duk inda yaron ga yake, shina cin tuwo, akwai mai tuƙa mai. Daga ranar na samu barci.” Ta dafa hannun Hansai. “Ashe ke ce.”

Hansai mai baki, ranar idonta ne ya kawo ruwa. Ja'afaru ya ɗaga tsohon hoton ya ce, “To, fuskar fa, Inna? Ruwa ne ya taɓa ta?”

Tsohuwa ta yi ƙasa da murya, ta yi maganar da Hansai, amma duk mun ji. Ta ce tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Ya girma a gabanta tana satar kallonsa ta gefen ido, in ya shigo ta fita, in ya yi magana ta amsa wa bango. Ba ta taɓa zama ta dubi fuskarsa ta ƙoshi ba. Da hoton ya zo, sai ta ga ga shi a tafin hannunta, yana kallonta tana kallonsa, babu mai cewa ba ta da kunya. Kullum in ta idar da salla sai ta warware tsumma ta shafa. “Ban san tana gogewa ba,” ta ce. “Da ta ƙare, na ce bari in zo inda aka yi ta, a sake mini wata.”

Ban ji kunyar kowa ba, na yi kuka, Kofur Husaini ma da ya ga yaƙi ya juya baya yana gyaran laimar da ba ta lalace ba. Sanda yana durƙushe, shi ma yana kuka.

Ta jawo ƙullin kayanta ta kwance, ta fito da wata taguwa ta saƙi, fara, mai kauri. Audugar gonarsu ce, ita ta kaɗa zaren da hannunta, masaƙin garinsu ya saƙa. Ta tura ta gaban Hansai ta ce a ba shi. Na karɓa na juya ta, ɗinkin ƙauye ne, ni da na yi da ban bar wuyan haka ba, amma na kama bakina. Sanda ya tuɓe rigar aro da agogo da takalmana, ya zura tasa. Ta yi masa daidai, kamar an gwada.

Rana ta riga ta karkata, amma Ja'afaru ya ce akwai sauran haske. Ya fito da akwati, ya ce a cire labulen gidan sama, katangar gida ta isa. Ya ɗauki Sanda shi kaɗai. Sannan ya ce, “Inna, saura ke da shi.” Ta ce a'a, ina, ita ba ta zama kusa da shi a gaban jama'a. Ja'afaru ya ce ai ba kusa ba ne, ita za ta zauna a kujera, shi ya tsaya can bayanta, kowa ya dubi idon akwati, babu mai ganin wani. Hansai ta ja ta, mata suka yi ta zuga ta ta kan katanga, har ta zauna tana cewa mutanen birni ba su da ta ido. Ya cire murfi ya ce kada a motsa. Da hoton ya fito, Sanda ya fito tsaf, ita kuwa fuskarta ta ɗan yi hazo, don ana cikin ɗauka ta juya kai wajen kafaɗarta. Ja'afaru ya ce a sake. Na ce in ya sake sai na fasa akwatin.

Ranar tukunyar Hansai ba ta isa ba, sai da maƙwabta suka ɗora tasu. Kofur ya yanka kazar da har yau ban san ta wace ce ba. Aka ci, aka yi ta maimaita yadda laima ta sauko, Audi yana kwaikwayon ɗingishin Sanda cikin takalmana, Sanda kansa yana dariya har da riƙe ciki. Tsohuwa tana cikin gida tare da mata, amma Hansai ta ce duk sanda muryarsa ta tashi sai ta tsayar da loma.

Ta yi kwanaki a ɗakin Hansai. Safiyar da za ta koma muka taru a ƙofar gida. Sanda yana rakuɓe a jikin mangwaro cikin taguwarsa, bai ce zai bi ta ba, ita ma ba ta ce ya zo ba, kuma mun san ba za ta iya faɗa masa ba. Ja'afaru ya fito da hoton Sanda, ya sa shi cikin ɗan katako da gilashi, aikin da ya ɓata yini yana yi. Ta karɓa ta shafa, ta ɓata fuska, ta miƙo masa.

“Cire wanga abu mai sanyi,” ta ce.

Ya ce, “Inna, shi zai tsare miki ita. In babu gilashi za ta sake gogewa.”

Amma ya cire gilashin ya miƙa mata. Ta sa hoton cikin tsummanta tana ƙullewa, fuskarta a wajen katanga, ta ɗaga murya yadda za ta kai gindin mangwaro.

“Ta goge mana. Ai mai huskar shina gida.”

Sai Sanda ya taso, ya sunkuya ya ɗauki ƙullin kayanta ya ɗora a ka, ya shige gaba. Ta ba shi 'yar tazara, sannan ta bi bayansa, kuma tun da yanzu ƙeyarsa ce a gabanta, ba ta ɗauke ido daga kansa ba har suka sha kwana.

Ja'afaru ya ci gaba da tuwonsa da rigarsa har ƙarfinsa ya ƙare, rigar ta sha faci har aska biyun ta koma ɗaya da rabi. Duk kaka kuma sai fatken goro ya sauke wa Hansai buhun dawa daga Zamfara, ba saƙo ba sallama. Allon yana zaurena yanzu. Baƙo in ya tsaya kallo yakan tambaye ni, cikin attajiran nan duka, wane ne wannan mai taguwar ƙauye, da tsohuwar da ba ta iya zama a hoto ba. Nakan ce ya ja kujera.